Inshorar lafiya a Ghana: kowa na biyan harajin, amma ba kowa ke da katin ba

Duk wanda ya sayi katin waya, ko buhun siminti, ko kwalbar lemo a Ghana, ya zuba wani abu a asusun inshorar lafiya ta ƙasa, ko ya sani ko bai sani ba. Kashi 2.5 cikin ɗari ne ake ɗorawa a kan kayayyaki da ayyukan da harajin VAT ya shafa, kuma da sunan kiwon lafiya ake karɓarsa. Attajirin Akra yana biya, mai tura baro a kasuwar Kejetia ta Kumasi yana biya, baƙon da ya zo daga Tawa ko Maraɗi neman kuɗi shi ma yana biya. Sai dai idan ciwo ya zo, a bakin tagar asibiti ba a tambayar wanda ya biya haraji. Kati ake tambaya, kuma sai wanda wa'adinsa bai ƙare ba.

A wannan tazara da ke tsakanin mai biyan haraji da mai riƙe da kati siyasar inshorar lafiya ta Ghana take. Shirin, wanda aka fi sani da NHIS, ya haura shekara ashirin, kuma ƙasashen Afirka da dama sun tura jami'ansu su je su ga yadda ake tafiyar da shi. Amma tsakanin 2021 da 2023, alƙaluman hukumar da kanta sun nuna cewa masu katin da ke aiki sun ɗan haura rabin al'ummar ƙasar ne kawai, ƙasar da ƙidayar 2021 ta ce tana da mutum miliyan 30.8.

Daga magani kyauta zuwa "biya ka ɗauka"

Bayan samun 'yancin kai a 1957, gwamnatin Kwame Nkrumah ta mayar da magani a asibitocin gwamnati kusan kyauta. Kuɗin koko ne ke ɗauke da nauyin. Da tattalin arziki ya durƙushe a ƙarshen shekarun 1970, kyautar ta zama ta baki kawai: ga asibiti, ga gado, babu magani, likitoci da yawa kuma sun tsallaka Najeriya da Turai.

A 1983 gwamnatin soja ta Jerry Rawlings ta rungumi shirin gyaran tattalin arziki na Asusun Ba da Lamuni na Duniya da Bankin Duniya. Shekara biyu bayan haka, a 1985, aka fitar da dokar kuɗin asibiti wadda ta ɗora wa majiyyaci kaso mai nauyi, sannan a 1992 aka kafa tsarin da 'yan Ghana suka laƙaba wa suna "kash-an-kari", wato biya ka ɗauka, kamar a kantin sari. Magani ya dawo kan kanta, wannan gaskiya ne. Amma mutane sun rage zuwa asibiti, musamman a karkara da arewacin ƙasar. Labarin maijegon da aka riƙe a asibiti saboda mijinta bai kawo kuɗi ba, da na wanda ya yi hatsarin mota aka bar shi a kan benci har 'yan uwansa su haɗo kuɗi, sun zama abin da kowane gida ya sani. A takarda akwai waɗanda aka yafe wa biya, kamar tsofaffi da ƙananan yara da masu ciki. A aikace asibitoci ba sa son aiwatar da yafiyar, domin gwamnati ba ta mayar musu da kuɗin a kan lokaci. Wannan matsala ta jinkirin biya ba ta bar Ghana ba har yau.

A wasu wurare jama'a sun nema wa kansu mafita. Wanda ya fi shahara shi ne asusun da asibitin cocin Katolika na garin Nkoranza ya kafa a 1992, inda mutanen gunduma ke zuba ɗan kuɗi sau ɗaya a shekara, wanda aka kwantar a asibiti kuma asusun ya biya masa. Kusan irin adashen da matan zango suka saba da shi ne, sai dai wanda ciwo ya kama shi ke kwasa.

Dokar 2003 da rigimar da ta zo da ita

A yaƙin neman zaɓen 2000, John Kufuor na jam'iyyar NPP ya yi alkawarin binne "kash-an-kari". Ya ci zaɓe, ya kuma san cewa idan 2004 ta zo bai nuna komai ba, za a tambaye shi. Wannan ne ya sa aka yi wa dokar gaggawa. Majalisa ta amince da ita a watan Agusta na 2003, 'yan adawa na NDC kuma suka fice daga zauren suna cewa ba a yi shawara yadda ya kamata ba.

Babbar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasar ma ta tayar da ƙura, kuma dalilinta na kuɗi ne. Dokar ta ce za a yanki kashi 2.5 cikin ɗari daga kuɗin fanshon da ake tara wa ma'aikata a hukumar SSNIT a zuba a asusun lafiya. Ma'aikata suka ce ana so a yi kyauta da guminsu. Gwamnati ta lallashe su da cewa fanshonsu ba zai ragu ba, kuma su ba za su biya kuɗin shekara ba. A haka aka wuce wurin.

Tsarin da aka fito da shi yana da ƙafa uku: harajin kashi 2.5 a kan kaya, kason ma'aikata daga SSNIT, da kuɗin shekara da masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa da manoma ke biya da kansu. An tsara kuɗin shekarar ya bi ƙarfin mutum, daga sidi 7.2 zuwa sidi 48 a lissafin sabon kuɗi. Amma da yake babu mai iya auna samun mai sayar da koko da ƙosai, yawancin ofisoshin gundumomi sai suka yanke kuɗi ɗaya ga kowa.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, ƙafafun nan uku ba tsawonsu ɗaya ba. Harajin kaya shi ke kawo kusan kashi 70 cikin ɗari na kuɗin asusun, SSNIT ta kawo kusan kashi 20, kuɗin shekara kuwa bai kai kashi 5 ba. Ma'ana, sunan shirin inshora, amma a zahiri haraji ne ke tafiyar da shi. Ɗan kuɗin da ake karɓa a taga ba ya ɗaukar nauyin komai. Aikin da ya fi yi shi ne tsare ƙofa, ya raba wanda zai shiga da wanda zai tsaya a waje. Talakan da bai iya biya ba, ko bai sabunta katinsa ba, yana ci gaba da biyan harajin a kasuwa, ma'aikacin banki kuma yana shan magani da kuɗin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Duk da haka ba a raina abin da shirin ya yi. Hukumar ta ce jerin cututtukan da katin ya ƙunsa ya kai kashi 95 cikin ɗari na waɗanda ke kai 'yan Ghana asibiti: zazzaɓin cizon sauro, gudawa, ciwon huhu, hawan jini, ciwon suga, haihuwa har da ta tiyata, da kwanciya a asibiti. Zuwa asibiti ya ƙaru ƙwarai bayan 2005, lokacin da aka fara cin moriyar shirin. A watan Yuli na 2008 aka ƙara da kula da masu ciki kyauta, da tallafin Birtaniya. Mace mai ciki tana yin rajista ba tare da ta biya ko sisi ba, katinta kuma yana fara aiki nan take.

Wane ne miskini a idon doka?

Doka ta yafe wa rukuni da dama kuɗin shekara: yara 'yan ƙasa da 18, tsofaffi daga shekara 70, 'yan fansho, masu ciki, da kuma waɗanda ta kira marasa galihu. A kan wannan rukuni na ƙarshe ne aka yi wa talaka wayo.

Ƙa'idojin da aka fitar a 2004 sun gindaya sharuɗɗa kafin a kira mutum mara galihu. Dole ya kasance ba shi da aiki kuma ba a ga wata hanyar samunsa ba. Dole ya kasance ba shi da tsayayyen wurin kwana. Kada ya kasance yana zaune da wani mai aiki kuma mai muhalli. Kada kuma a samu wani da ke taimaka masa a kai a kai. Sai an haɗa duka.

A ɗauki gwauruwa mai shekara sittin a Nima ko Aboabo, wadda ke kwana a ɗaki ɗaya cikin gidan gado tare da jikoki huɗu, tana sayar da gyaɗa a ƙofar gida. Tana da wurin kwana, don haka ta faɗi. Tana da sana'a, ta sake faɗuwa. Idan ɗan ƙaninta yana aiko mata da wani abu ranar Juma'a, ta faɗi sau uku. A ƙauyukan arewacin Ghana, inda talauci ya fi tsanani, da wuya a samu wanda ba shi da ɗakin kwana, domin dangi ba sa barin nasu a titi. Zumuncin da ke rufa wa talaka asiri shi ne ya zama hujjar hana shi kati. Malaman fiƙihun Malikiyya sun bambanta faƙiri, wanda abin hannunsa ba zai kai shi shekara ba, da miskini, wanda ba shi da komai, kuma dukansu biyu suna da rabo a zakka. Dokar Ghana ta ɗauki miskini kaɗai, shi ma sai wanda ke kwana a tasha.

Sakamakon bai ba kowa mamaki ba. Binciken hukumar ƙididdiga na 2005 zuwa 2006 ya nuna kashi 28.5 cikin ɗari na 'yan Ghana suna cikin talauci, amma waɗanda aka yi wa rajista a matsayin marasa galihu a shekarun farko 'yan kaɗan ne ƙwarai cikin masu kati. Akwai kuma dalilin da ya sa ofisoshin gunduma ba su damu su nemo su ba: mai biyan kuɗin shekara yana kawo kuɗi a hannu yau, mara galihu kuwa sai an jira Akra ta aiko.

An ɗan gyara daga baya. Sabuwar dokar 2012 ta haɗe asusun gundumomi a ƙarƙashin hukuma ɗaya, ta kuma faɗaɗa waɗanda aka yafe wa. Aka fara yi wa masu karɓar tallafin LEAP, shirin ba gidajen matalauta kuɗi da aka soma a 2008, rajista kyauta, haka ma fursunoni da yaran da ake ciyarwa a makarantu. Adadin marasa galihu masu kati ya tashi sosai. Sai dai LEAP ɗin ma ba ta kai ga kowane matalauci ba, kuma ta fi ƙarfi a karkara. Talakan birni mai 'yar sana'a, wanda shekarunsa ke tsakanin 18 da 69, shi ne har yanzu ya fi faɗawa rami: bai kai tsufan da za a yafe masa ba, bai kai talaucin da za a rubuta sunansa ba.

Akwai kuma maganar sabuntawa. Katin na shekara ɗaya ne. A da sai mutum ya bar sana'arsa ya yini a layi, wani lokacin a ce masa na'ura ta lalace ko babu intanet. Ga mai neman na yau da yau, yinin da ya rasa ya fi kuɗin katin tsada. Tun Disamban 2018 ana iya sabuntawa ta waya da lambar *929#, a biya da kuɗin waya, kuma wannan ƙaramin sauyi ya ƙara yawan masu kati fiye da jawaban siyasa da yawa.

Rigimar alƙaluma

Shekaru da dama hukumar tana shelar cewa ta yi wa sama da kashi 60 cikin ɗari na 'yan ƙasa rajista, ana yaba mata a tarukan duniya. A 2011 ƙungiyar Oxfam da wasu ƙungiyoyin cikin gida suka fitar da rahoto suna cewa masu cin moriyar shirin na haƙiƙa ba lalle su wuce kashi 18 ba. Hujjarsu ita ce hukumar tana lissafa duk wanda ya taɓa yin rajista, har da wanda katinsa ya mutu tun shekara uku, da wanda ya yi rajista sau biyu. Hukumar ta fusata ta yi watsi da rahoton. Amma ba da daɗewa ba ta sauya yadda take ƙidaya, ta koma lissafa masu kati mai aiki kawai, adadin kuma ya sauko zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku. Ya daɗe yana yawo tsakanin kashi 35 da 40 kafin ya tashi bayan zuwan sabuntawa ta waya.

Abin da ake faɗa a dandalin kamfe

Babu jam'iyyar da ke iya cewa za ta soke NHIS. NDC da ta fice daga majalisa a 2003 ta dawo a 2008 tana cewa ita ce za ta kyautata shi: mutum zai biya sau ɗaya tak a rayuwarsa. John Atta Mills ya ci zaɓe da ƙyar, jam'iyyar ta yi shekara takwas a kan mulki, biya sau ɗaya kuma bai tabbata ba. Abin lura shi ne, tunda kuɗin shekara bai kai kashi 5 na asusun ba, asarar kuɗin ba ita ce babbar barazana ba. Abin tsoron shi ne miliyoyin mutanen da za su shigo su tsaya a ciki, a kuma biya musu magani.

A 2012 gwamnatin NDC ta gwada sabon salon biyan asibitoci: kowane mai kati ya zaɓi asibiti ɗaya, hukuma ta riƙa ba asibitin wani ƙayyadadden kuɗi a kansa duk wata, ko ya zo ko bai zo ba. Manufar ita ce a rage almubazzaranci da takardun bogi. Amma sai aka fara gwajin a yankin Ashanti, cibiyar NPP. Nan take aka fassara shi da cewa hukunci ne ake yi wa 'yan adawa, asibitoci masu zaman kansu suka yi bore, NPP ta sa soke shi cikin alkawuranta, ta kuma dakatar da shi a 2017 bayan ta karɓi mulki. Ko salon yana da amfani ko ba shi da shi, ba a tsaya an auna ba.

Na baya-bayan nan shi ne wankin ƙoda. Tun farko ba ya cikin abin da katin ya ƙunsa ga masu ciwon ƙoda mai daɗewa. A 2023 asibitin koyarwa na Korle Bu ya nemi ɗaga kuɗin wanki ɗaya daga sidi 380 zuwa sama da 765, ga mutanen da ke buƙatarsa sau biyu ko uku a mako. Ƙasa ta ɗauki zafi. A tsakiyar 2024 hukumar ta fara biya wa yara da tsofaffi, sannan aka sanar da kyauta ga kowa daga 1 ga Disamba, kwana shida kafin zaɓen da mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Mahamudu Bawumia, ya yi takara a ciki. Masu ciwon sun samu sauƙi na gaske. Amma zaɓen ranar farawar ya nuna agogon da ake dubawa.

Kuɗin da ke maƙalewa a hanya

Abin da ba a cika faɗa a dandali ba shi ne hanyar da kuɗin ke bi. Hukumar haraji ce ke karɓa, ta zuba a baitulmali, ma'aikatar kuɗi kuma ta saki wa hukumar inshora lokacin da ta ga dama. Gwamnatin da bashi ya shaƙe ba ta gaggawar sakin kuɗin da ke hannunta. Asibiti ya yi wa mai kati magani a Janairu, ya tura takardar neman biya, ya jira wata shida, wani lokacin har shekara. Ƙungiyar asibitocin coci-coci, wadda ke riƙe da babban kaso na kiwon lafiya a karkara, ta sha yin barazanar daina karɓar katin, ta kuma taɓa dainawa na ɗan lokaci. Da NPP ta hau mulki a 2017 ta ce ta tarar da bashin sidi biliyan 1.2.

Sai kuma ita NPP ɗin, a shekarar, ta kafa dokar da ta sa wa duk asusun da aka keɓe wa haraji iyaka: jimillarsu kada ta wuce kashi 25 cikin ɗari na harajin ƙasa, abin da ya haura kuma ya koma baitulmali. Daga baya aka rage iyakar zuwa kashi 17.5. Wato a rasit an rubuta harajin lafiya, amma wani kaso nasa yana tafiya biyan albashi da ruwan bashi. Jam'iyyar da ta haifi shirin ita ce ta halatta yankar abincinsa.

Majiyyaci shi ke ɗaukar sakamakon. Asibitin da ba a biya ba ba ya iya biyan dillalan magani, sai ma'ajiyar magani ta bushe, a rubuta wa mai kati takarda a ce ya je kanti ya saya. Ko kuma a ce ya yi "ciko", abin da doka ta hana amma kowa ya san ana yi. Lamarin ya fi muni a 2022, lokacin da darajar sidi ta faɗi, hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari a Disamba, farashin da hukuma ke biya a kan kowane magani kuma ya tsaya a na da. Wanda aka sa ya sayi magani da kuɗinsa sau biyu yana riƙe da kati, ba ya ganin dalilin sabunta shi a shekara ta gaba. Mai kuɗi yana iya yin cikon. Talaka yakan koma wurin mai tallan ƙwayoyi a tasha.

Masu karatu a Nijar sun san wannan labari da wani suna. Tun 2006, a zamanin Tandja Mamadou, aka yafe kuɗin magani ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar da kuɗin awon ciki, bayan tiyatar haihuwa da aka riga aka yafe. Yara sun cika asibitoci, amma kuɗin da gwamnati za ta mayar wa cibiyoyin lafiya ya riƙa makara da watanni, har da shekaru, bashi ya taru, magani ya yanke. Nijar ba ta bi hanyar kati ba, Ghana ta bi, amma dukansu a ƙofar baitulmali suka tsaya. A arewacin Kamaru kuwa, takardar lafiya ta sefa 6,000 da mai ciki ke saya don awo da haihuwa ta daɗe tana tafiya da tallafin Faransa da Jamus, kafin a shigar da ita cikin shirin kiwon lafiya na kowa da kowa da aka ƙaddamar a Afrilun 2023.

A kasafin kuɗin 2025, gwamnatin John Mahama ta cire harajin lafiya daga waccan iyaka, ta ware wa shirin kusan sidi biliyan 10. Wannan shi ne sauyi mafi girma da aka yi wa asusun cikin shekaru. A shekarar kuma majalisa ta kafa wani sabon asusu na masu cututtuka masu tsada, irin su daji da ciwon ƙoda da na zuciya, wanda ake kira MahamaCares, aka ce kashi 20 cikin ɗari na kuɗin inshorar zai koma can. 'Yan adawa na NPP sun ce an cire hannu ɗaya daga aljihun asusun an sa wani. Sanya wa asusun sunan shugaba mai ci kuma yana iya zame masa matsala ranar da mulki ya sauya hannu.

Katin asibiti, katin zaɓe, da mutanen zango

Akwai wani ɓangare na wannan siyasa da ya fi shafar Hausawa da sauran mazauna zango. Dokar inshorar ba ta ce 'yan ƙasa kaɗai ba, mazauna Ghana ta ce. Baƙon da ke zaune a ƙasar yana da damar yin rajista, kuma hakan daidai ne tunda shi ma yana biyan harajin.

Amma shekaru da dama katin inshora shi ne kaɗai takarda mai hoto da talakawa da yawa suka mallaka, hukumar zaɓe kuma ta karɓe shi a matsayin shaida lokacin rajistar masu zaɓe ta 2012. Wani ɗan siyasa, Abu Ramadan, tare da Evans Nimako, suka kai ƙara Kotun Ƙoli suna cewa katin da baƙo ma ke iya samu ba zai zama shaidar ɗan ƙasa ba. A 2014 kotu ta ba su gaskiya. A 2016 ta umarci a goge sunayen waɗanda suka yi rajista da katin, aka cire sama da mutum dubu 56, aka ba su damar sake rajista da wata shaidar.

Ta fuskar doka hukuncin yana da hujja. Amma a unguwannin zango ya taɓa tsohon miki. Ba a manta da 1969 ba, lokacin da gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, dubban ɗaruruwa suka fita, cikinsu har da waɗanda a Ghana aka haife su. NPP ta fito ne daga wannan gidan siyasa, kuma NDC ba ta gajiya da tuna wa mutanen zango hakan a kowane zaɓe. NPP ta yi ƙoƙarin wanke kanta, ta tsayar da Musulmi mataimakan shugaban ƙasa, Aliu Mahama sannan Bawumia, ta kuma kafa asusun raya zango a 2017. Duk da haka, mutumin da kakansa ya zo Kumasi fataucin goro tun kafin a haifi ƙasar Ghana, amma sunansa Garba ko Ɗanjuma, ya san irin tambayoyin da ake yi masa a teburin rajista waɗanda ba a yi wa Kwame.

Wannan ya dawo da ƙarfi yanzu da aka haɗa inshorar da katin ɗan ƙasa, wato Ghana Card. Haɗin yana da amfani a fili: kati ɗaya ya isa a asibiti, rajista biyu ta ragu, asibitin da ke ƙirƙiro majiyyatan bogi kuma ya fi saurin tonuwa. Sai dai ƙofar asibiti ta koma bayan ƙofar hukumar katin ɗan ƙasa. Kafin a ba mutum katin sai ya kawo takardar haihuwa ko fasfo, ko ɗan uwa mai kati ya rantse a kansa, ko wasu mutum biyu da doka ta amince da su. Shugabannin zango da na Fulani sun sha kokawa cewa ana mayar da mutanensu saboda suna ko harshe ko kamanni. Dattijuwar da aka haifa a gida a Sabon Zango shekara saba'in da suka wuce, ba takarda ba fasfo, doka ta yafe mata kuɗin inshora saboda shekarunta, amma sai ta fara tabbatar da ko ita wace ce.

Ga wanda ba ɗan ƙasa ba kuwa, akwai katin baƙi na daban, kuma ƙa'idojin hukumar sun sa harkokin inshorar lafiya cikin abubuwan da ake neman katin kafin a yi su. Kuɗinsa dalar Amurka 120 ne a karon farko, sannan a sake biyan wani kuɗin duk shekara don sabuntawa. Ga injiniyan kamfanin haƙar zinariya wannan ba komai ba ne. Ga ɗan ci-rani daga Dosso da ke tallan albasa a Akra, kuɗin takardar ya ninka kuɗin inshorar kanta sau da yawa, don haka yawancinsu ba sa ko tambaya. Idan zazzaɓi ya kwantar da ɗayansu, 'yan garinsu ne ke zagayawa da hula bayan sallar isha'i a haɗa abin da za a kai shi asibiti, a biya a taga kafin likita ya duba shi.